Mai gidana ya fara wankin ƙoda: me zan ba shi, me zan hana shi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka yi jinyar mai ciwon ƙoda a gida. An fara yi wa mai gidana wanki, hawan jini ne ya kai mu nan. Roba aka sa masa a wuya. Likita ya ce sau uku a mako, mu kuma sau biyu muke iya haɗa kuɗin, wani makon ma da ƙyar ake yin ɗaya. A asibiti hankalina a kwance yake don akwai masu kallonsa. Gida ne tashin hankalina. Ranar wanki yini yake a kwance ko magana ba ya so, washegari ya ɗan warware, kwana na uku ƙafafu sun haye, idan dare ya yi ba ya iya miƙewa a katifa sai an jingina shi da filo. Ga ƙaiƙayi, har ya ji wa bayansa ciwo da susa. 'Yan dubiya kuma kowa da ledarsa, ayaba, lemu, kankana, madara. Idan na ɗauke na ɓoye, Hajiyarsa ta ce ina barin ɗanta da yunwa. Me zan ba shi, me zan hana shi?

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu da jinya, 'yar uwa.

Baban Ilham:
Amin. Maman Hanif, ni ba jinya na yi ba, ni ne majinyacin. Shekaru ke nan ina hawa injin nan, kuma ga ni ina buɗe shagona. Ki fara da ruwa, don shi ne yake hana mai gidanki kwanciya. Ƙodar da ta tsaya ba ta fitar da abin da aka sha, yana nan zaune a jiki har ranar wanki. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce a auna fitsarin da ya yi daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, a ƙara rabin lita a kai, wato ledar fiya wata ɗaya. Jimlar ita ce rabonsa na yini guda.

Ni da asuba uwargida take zuba rabona a gora ɗaya mai ma'auni a jikinta. Ruwan shan magani daga ciki yake fita. Idan na sha shayi kofi ɗaya, sai ta zubar da kofi ɗaya daga gorar. Koko, kunu, zoɓo, fura, romon farfesu, miya mai ruwa-ruwa, kankana, duk ruwa ne. A nan gidaje da yawa suke faɗawa, ka ji an ce ai bai sha ruwa ba, kunu kawai ya sha.

Ki kuma sayi sikelin tsayawa, ya riƙa hawa kowace safiya. Kilo ɗaya da ya ƙaru a kwana ɗaya ba ƙiba ba ce, lita ɗaya ce ta ruwa. Tsakanin wanki da wanki kada ƙarin ya wuce kilo 2 zuwa 2 da rabi.

Hajiya Babba:
Haba Baban Ilham. Leda ɗaya a zafin nan da ko lafiyayye sai ya sha shida? Mu tun muna yara ake ce mana mai ciwon ƙoda ya yawaita shan ruwa ya wanke ta. Yanzu kuma a ce a bar bawan Allah yana kallon randa? Ni wannan bai kwanta mini ba.

Baban Ilham:
Hajiya, wancan da kika ji gaskiya ne ga mai tsakuwar ƙoda, ko wanda ƙodarsa take aiki yana son kare ta. Mu an wuce wurin. Kuma wallahi ƙishin yana da zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma mafi yawansa gishiri ne yake kawo shi. Ranar da na ci tsire da yaji, ko taliyar leda da sinadarinta, ko miyar biki da aka danna wa magi, daren nan ba barci. Da aka raba mini tukunya, aka koma albasa da tafarnuwa da citta da ɗan lemun tsami, ƙishin ya ragu sosai. Kanwa ma a cire ta, danginsu ɗaya da gishiri a jiki. Sauran kuma dabara ce: ƙaramin kofi, tsotsar ƙanƙarar da aka daskarar daga cikin rabon, kurkure baki a tofar. Da bazara idan ana zufa likita yakan ɗan ƙara ma'aunin, sikeli ne zai nuna ko an wuce.

Anti Nas:
Ƙanwata Maman Hanif, a sashen wanki nake aiki, ki saurare ni da kyau. Rashin iya kwanciyar nan ruwa ne ya fara hawa huhu. Idan ya kai yana haki a zaune, ko tari mai kumfa, ko ƙirji ya riƙe, ba a jiran ranar wanki. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota.

Mako guda awa 168 ne, kuma lafiyayyar ƙoda ba ta hutawa ko awa ɗaya a ciki. Wanki uku na awa huɗu-huɗu awa 12 ne kacal. Ku da kuke yin biyu, awa 8. Sauran awa 160 ɗin a gida suke, a hannunki da hannunsa. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga iyali sun sayar da gona sun biya wanki, sannan aka koma gida aka rushe aikin da kofin kunu da ledar ayaba, kuma duk cikin ƙauna aka yi.

Wahalar ranar wanki ma yawancinta daga ruwan take. Mutum ya zo da ƙarin kilo biyar, mu kuma awa huɗu gare mu. Idan injin ya ja da ƙarfi sai jini ya faɗi, jiri, amai, ƙafa ta ɗaure har babban mutum ya yi kuka. Dole mu rage gudu ko mu mayar masa da ruwan gishiri ta jijiya, ya koma gida da sauran ruwan da bai fita ba. Wanda ya zo da kilo biyu kuwa, sau da yawa da ƙafarsa yake sauka ya nemi abinci. Ki kuma tambayi likitansa wane maganin hawan jini zai sha da safiyar wanki, wanne zai jinkirta sai an sauke shi. Kada ku yanke wannan da kanku.

Hajiya Babba:
To na ji. Amma ruwan Zamzam fa da rubutu? Mu dai ba ma jinya babu su.

Malam na Zariya:
Hajiya, babu wanda ya ce a bar neman waraka ta wannan hanya. Sai dai albarkar Zamzam ba a cikar kofi take ba. Kurɓa ɗaya ta isa, a cire ta daga rabonsa na yini. Tofi kuma ana yi a tafin hannu a shafe jiki, kamar yadda ya tabbata a sunna. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ɗura wa mara lafiya kwano guda safe da yamma alhali masana sun ce yana cutar da shi. Addini ya hana cutarwa.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai. Anti, maganar ayaba da lemu fa? Ni an ce mini kar ya ci, amma ba a faɗa mini dalili ba, shi ya sa na kasa kare kaina a gaban Hajiyarsa.

Anti Nas:
Dalilin wani sinadari ne, fotasiyam. Yana cikin kusan duk abin da ya tsiro daga ƙasa, ƙoda ce take zubar da rararsa. Idan ya taru, zuciya yake taɓawa. A awon jini daidai shi ne 3.5 zuwa 5, idan ya haura 6 an shiga haɗari. Abin tsoron shi ne ba ya kumbura ƙafa balle ki gani. Wani zai ji ƙafafu sun mutu, ko baki yana masa tsam-tsam, ko bugun zuciya ya yi sanyi. Wani ba zai ji komai ba, yana cikin hira sai ya kife. Irin wannan ne ake cewa ai jiya ma lafiya lau muka rabu.

Masu yawansa: ayaba, lemu, gwaiba, gwanda, mangwaro, dabino, ruwan kwakwa, tsamiya, tumatirin gwangwani, dankali iri biyun, doya, alayyahu, zogale, kuka. Zogale na fi jin tsoro, don kowa ya san shi a matsayin magani, sai a dafa a ba shi ruwan ya sha. Akwai kuma wani gishiri da ake sayar wa masu hawan jini a manyan kantuna, wanda aka rage masa gishirin gaske. Da fotasiyam aka cike gurbin, kada ya shiga gidanki.

Ba wai ya rabu da doya da dankali har abada ba. Ki fere, ki yanka ƙanana, ki jiƙa a ruwa mai yawa na wasu awanni, ki zubar, ki tafasa a sabon ruwa, shi ma ki zubar, sannan ki sarrafa. Ganye ma a tafasa a tsiyaye ruwan farko. Shinkafa, tuwon shinkafa, tuwon masara, taliya, kabeji, kokwamba, albasa, waɗannan ba su da matsala sosai. Idan yana marmarin kayan itace, rabin tuffa ko yanka ɗaya na abarba.

Amma ki ji wannan, Hajiyarsa tana da rabin gaskiya. Kafin a fara wanki ana ce wa mai ciwon ƙoda ya rage nama. Da zarar an fara, maganar ta juya, don injin yana tafiya da wani abu na abincin gina jiki duk hawa. Gidaje da yawa suna ci gaba da tsohuwar doka, sai ki ga mutum ya rame, kafaɗu sun fito, ƙaramin zazzaɓi ya kayar da shi. Ki ba shi farin ƙwai, kaza, ɗanyen kifi da aka dafa, nama marar kitse, kullum. Ki ce wa Hajiya duk mai zuwa dubiya ya kawo kiret ɗin ƙwai maimakon lemu. Kin ga ta samu abin ciyar da ɗanta, ke kuma kin huta da ɓoye leda.

Ummu Sadik:
Wannan shawarar ta ƙwai ta yi. Allah ya saka da alheri, Anti.

Anti Nas:
Amin. Ƙaiƙayin kuma sau da yawa wani sinadari ne mai suna fosfet ya taru, ga bushewar fata. Madara, nono, cuku, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, wake da yawa, baƙin lemun kwalba, su ne gidansa. Idan an rubuta masa ƙwayar da take kama fosfet, a tsakiyar cin abinci ake shanta, ba bayan awa ɗaya ba, don a cikin hanji take aikinta. Ki yanke masa farce, ki shafa masa man kaɗe bayan wanka, ruwan kuma kada ya yi zafi sosai. Fosfet ɗin nan ba fata kawai yake ci ba, a hankali yana raunana ƙashi, yana busar da jijiyoyin jini.

Abu Mus'ab:
Ni dai gaskiya duk wannan wahala ce. Akwai wani mai maganin gargajiya da na sani, sassaƙe yake bayarwa na sati uku, ƙodar ta tashi, a rabu da inji gaba ɗaya. Mai so ya yi mini magana in ba shi lamba.

Shugaban Zaure:
Malam Abu Mus'ab, kada ka ba kowa lamba. Ba a tallan magani a nan.

Ɗan Gashuwa:
Ka ji tsoron Allah, ɗan uwa. Ni daga Gashuwa nake. Duk wanda ya san Bade da Jakusko da Nguru ya san ciwon nan ba labari ba ne a wurinmu, da wuya ka shiga layi ba ka samu gidan da ya taɓa ba, har masu bincike suna ta auna ruwan yankin da jinin mutane. Babu irin sassaƙen da ba mu gani ba. Yayana ya bar wanki saboda irin wannan alkawarin. Jarka aka ba shi, kofi uku a rana. Ka haɗa lissafin da kanka: ruwan da aka hana shi, ga saiwa da ganye da aka tafasa, wato fotasiyam ɗin da Anti ta gama bayani. Ranar da muka mayar da shi asibiti ba ya gane kowa, kuma bai dawo gida ba. Ba na zagin maganin gargajiya, da shi aka raine mu. Amma ƙodar da ta riga ta ƙanƙance ta mutu, babu jiƙon da yake tayar da ita, kuma mai sayarwa ba ya zuwa zaman makoki.

Abu Mus'ab:
Allah ya jiƙansa. Amma ni da idona na ga wadda aka yi wa wanki, ta sha magani, yanzu shekara nawa ba ta koma ba.

Likitan Zaure:
Na yarda ka gani, Malam, kuma ga abin da ka gani. Tsayawar ƙoda iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya: mace ta zubar da jini wajen haihuwa, ko amai da gudawa mai tsanani, ko zazzaɓin cizon sauro da ya yi ƙarfi. Wannan ana yin wanki kaɗan a riƙe ran mutum, ƙodar ta farfaɗo da kanta cikin makonni, ko ya sha jiƙo ko bai sha ba. Sai mai jiƙo ya karɓi yabon. Akwai kuma wadda hawan jini ko ciwon suga suka ci a hankali shekara da shekaru, irin ta mijin Maman Hanif. Ita wanki ne ko dashe. Hoton ciki da awon jini ne suke raba su, ba ido ba.

Tunda an zo maganar magani, na kemis ma a kiyaye. Daiklofenak, ibufurofen, da haɗin ƙwayoyin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, suna ƙarasa ɗan fitsarin da ya rage masa, suna kuma jawo zubar jini a ciki. Ɗan fitsarin nan dukiya ne, shi yake ba shi damar ƙarin kofi. Ciwon kai ko na jiki, farasitamol. Masu ciwon suga kuma su sani, idan ƙoda ta tsaya insulin yana daɗewa a jiki, adadin da ake yi a da zai iya faɗar da suga yanzu. A koma a sake auna musu.

Kawu Mai Shayi:
Likita, ka yi haƙuri zan faɗi abin da mutane suke faɗa a bayan ido. Duk wanda aka fara yi wa wankin nan tafiya yake. Ni mutum huɗu na sani, babu wanda ya shekara. Ba gara a bar wa marayu gidan ba, da a sayar a zuba a inji kuma a rasa duka biyun?

Likitan Zaure:
Kawu, tambayarka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ka tuna yadda aka kai mutum huɗun nan. Yawancin masu zuwa mana sai an gama zagaye, an zo a sume, jini ya ƙare, huhu cike da ruwa. A yi wanki biyu, kuɗi ya yanke, a tafi gida mako uku. Ba injin ne ya kashe su ba, jinkiri ne da yankewar wanki. A ƙasashen da hukuma take ɗaukar nauyi, mutane suna shekara goma, ashirin a kansa suna zuwa aiki. Ga Baban Ilham nan a cikinmu.

Maganar sayar da gida kuwa, ni ba zan yanke wa kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne a zauna da likita tun farko a yi lissafi na gaskiya, na shekara ba na mako ba, da mara lafiyar a wurin, don ransa ne kuma dukiyarsa ce. A kuma bincika sauƙin da yake akwai. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da asibitin koyarwa na Maiduguri. Jihar Yobe tana yi wa mutanenta kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu. Maman Hanif, ki tambaya a inda kuke ko suna cikin tsarin, da yadda ake shiga layi.

Idan biyun ne dai ƙarfinku, a raba su daidai, kamar Litinin da Alhamis, ko Talata da Juma'a. Kada a yi su a jere a bar dogon rami. An daɗe da lura cewa mace-mace sun fi yawa a ƙarshen tazara mafi tsawo, lokacin da ruwa da fotasiyam suka kai maƙura. Ranar ƙarshe kafin wanki ita ce ranar da za ki fi tsananta gorar nan.

Ɗan Maraɗi:
Mu a nan nisa ne babbar matsala. Ƙanen mahaifina sai da ya tare a Yamai kusa da asibitin Lamorde, ya bar gona da iyali. Kuɗin haya da mota har suna neman fin na magani. Duk mai shirin wannan jinya ya sa su a lissafi.

Baban Ilham:
Haka ne. Maman Hanif, wani abu da ba a taɓo ba, robar wuyan nan. Ku fara maganar fistula ta hannu, wato hanyar wanki da ake yi a jijiyar hannu, tun yanzu, kada ku saba da roba.

Anti Nas:
Yauwa, ka riga ni. Robar nan bakinta yana can cikin babbar jijiya kusa da zuciya, duk ƙwayar cutar da ta bi ta kai tsaye cikin jini take. Kada ta jiƙe. Wanka daga ƙirji zuwa ƙasa, sama kuma a goge da tawul. Kada kowa ya buɗe murfinta ko ya ɗaga filastar a gida, kada a yarda wani ya sa ƙarin ruwa ko allura ta ciki don ya rasa jijiya. Idan ya yi zazzaɓi, ko rawar sanyi ta kama shi a kan inji ko bayan an sauke shi, ko kika ga ja ko ruwa a bakin wurin, kada a ce maleriya ce a tafi kemis. A dawo mana ranar. Bayan ciwon zuciya, cutar da take shiga jini ce ta fi ɗauke masu wanki.

Fistula ƙaramin aiki ne, a haɗa jijiya biyu a hannun da ba ya aiki da shi sosai, a jira mako shida zuwa wata uku ta nuna. Tun yau ku ware hannun, yawanci na hagu: ba ɗibar jini, ba ƙarin ruwa, ba awon hawan jini a jikinsa. Bayan an yi, ba agogo mai matsewa, ba kwanciya a kai, ba ɗaukar bokiti. Kowace safiya ki ɗora yatsu uku a wurin, za ki ji yana zirrr a ƙarƙashin fata kamar waya tana rawa a aljihu. Ranar da kika ji shiru, ranar za ku zo, don a awannin farko ake iya ceto ta. Idan wurin allura ya ɓalle da jini a gida, a danne da tsaftataccen ƙyalle minti goma ba ɗagawa, idan bai tsaya ba a taho ana danne da shi.

Malam na Zariya:
Tunda za a tambaya, wuya ba ya cikin gaɓoɓin alwala, alwalarsa lafiya lau. Wankan tsarki kuma ya wanke inda ruwa ba zai kai ga robar ba, ya shafa a kan abin da aka rufe ta da shi. Idan hakan ma akwai tsoron cutarwa, taimama ta isar masa.

Maman Hanif:
Allah ya ƙara ilimi, Malam, dama yana jin nauyin tambaya. Anti, an ce jininsa ya yi ƙasa, 21 ne a awo, an rubuta wata allura mai tsada. 'Yan uwansa sun ce su za su ba da jini kyauta, me ya sa za a sayi allura?

Anti Nas:
Ƙoda ce take fitar da sinadarin da yake umartar ɓargo ya ƙera jini. Da ta tsaya, umarnin ya tsaya. Allurar eritrofoyetin ita ce madadinsa, kuma ba ta aiki sai da sinadarin ƙarfe a jiki, shi ya sa ake haɗa ta da allurar sinadarin ƙarfen ta jijiya. A firji ake ajiye eritrofoyetin ɗin, ba a cikin ƙanƙara ba, idan za ki kawo ki sa a kula da ƙanƙara a gefe. Ƙarin jini yana ceton rai idan abu ya yi tsanani, amma bayan 'yan makonni ya sake sauka. Kuma kowace leda tana koya wa jikinsa yaƙi da naman wani, ranar da aka zo dashe sai a sha wahalar samun ƙodar da jikin zai karɓa.

Baban Ilham:
Anti, gaskiya ne, amma a faɗa wa mutane allurar nan kuɗinta a wata yana iya kamo na wankin. Ni akwai lokacin da dole na zaɓa, na zaɓi wanki na karɓi jinin ƙanena. Wanda ba shi da niyyar dashe fa?

Anti Nas:
Ban ga laifinka ba, Yaya, idan zaɓi ya zama dole wanki ne gaba. Amma shi matashi ne, kada a rufe masa ƙofa tun yanzu. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashe tun 2002, ba sai an je Indiya ko Masar ba. 'Yan uwan nan masu son ba da jini, a cikinsu ne ake neman mai ba da ƙoda.

Likitan Zaure:
Kuma kyauta, ba saye ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, kowa kuma ya ga yadda shari'ar Sanata Ekweremadu, wanda aka tuhuma da kai wani saurayi don a cire masa ƙoda, ta ƙare da ɗauri a Landan a 2023. A sani kuma bayan dashe akwai magungunan hana jiki ƙin ƙodar, kullum har ƙarshen rai. Wanda ya tara kuɗin aiki kawai bai tara na magani ba, zai iya rasa ƙodar ɗan uwansa a banza.

Hajiya Babba:
Ni yanzu yarinyar nan nake tausayi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yata, ke wa yake kama miki? Kina barci kuwa?

Maman Hanif:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo. Ba jinyar ce ta fi gajiyar da ni ba, shirunsa ne. Mutumin da yake cika gida da dariya yanzu bango yake kallo. Idan na hana shi ruwa ya ce na gaji da shi ne. Rannan cewa ya yi a daina ɓata kuɗin makarantar yara a kansa.

Baban Ilham:
Na faɗi irin wannan maganar da bakina, don haka na san daga inda take fitowa. Namijin da ya saba bayarwa, yau ƙanensa ne yake biya masa kuɗin mota. Ki daina zama mai gadin gora, ki miƙa masa ita a hannunsa tare da littafin da zai riƙa rubuta nauyinsa. Idan shi yake riƙe da lissafin, faɗan zai ragu. Ranakun da ba wanki ya fita, ko masallaci ne, ko bakin kasuwa wurin abokansa, ko ya ɗan taka bayan la'asar. A riƙa shawara da shi a kan harkar gida kamar da. Maganar a daina kashe kuɗi a kansa kuma kada ki haɗiye ta ke kaɗai, ki faɗa wa likitansa, don damuwa mai tsanani tana yawan kama masu wanki kuma ana maganinta. 'Yan uwansa su raba ranakun rakiya, ba ke kullum ba. Idan yana so, Shugaban Zaure ya haɗa mu in kira shi.

Ummu Sadik:
Azumi fa idan ya zo? Mahaifiyata kuka take duk shekara idan an hana ta.

Malam na Zariya:
Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Wanda ciwonsa ba a sa ran warkewa, ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Malamai da yawa na wannan zamani, har da kwamitin fatawa na Saudiyya, sun tafi a kan cewa wankin kansa yana karya azumi, saboda abubuwan da suke shiga jini. Ni ina ganin karɓar rangwamen ya fi.

Baban Ilham:
Malam, ni ina yi a ranakun da ba wanki, da sanin likitana, ana auna jinina a tsakiyar wata. Dabino ɗaya tak nake buɗe baki da shi.

Likitan Zaure:
Kai ka daɗe, jikinka ya daidaita, kuma ba ka da suga. Mai ciwon suga, da wanda bai daɗe da farawa ba, da mai yin wanki ƙasa da uku, ba na ba su wannan shawarar. Haɗarin ma ba a yinin yake ba, a faranti yake bayan magariba: dabino, kunun gyaɗa, zoɓo, kankana, dankali da ƙwai, duk a awa ɗaya.

Maman Hanif:
Na rubuta duka. Tambaya ta ƙarshe, na ga ana ware wani inji a gefe ga wasu mutane, na ji tsoro.

Anti Nas:
Na masu ciwon hanta nau'in B ne, ware shi kariya ce gare ku. Ana gwada kowa kafin a fara, ana kuma maimaitawa lokaci-lokaci, da na C da ƙanjamau. Idan gwajin mai gidanki ya nuna ba shi da B, a yi masa rigakafi. Ta masu wanki ninki biyu ce ta sauran mutane, yawanci sau huɗu cikin wata shida, daga baya a auna a ga ko ta kama. Ke ma ki yi taki. Ki tambayi nas ɗin da take kansa ranar wanki mai zuwa, ki tafi da katinsa da duk ƙwayoyin da yake sha a leda ɗaya a duba su.